Tantanin Tsoka: Maɗaurin Jikin Ɗan Adam da Muhimmancinsa ga Motsi da Lafiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a kasuwar Kafanchan, zai lura da wani farin abu mai sheƙi da ke lulluɓe da tsokar nama. Wani wuri ya yi siriri kamar leda, wani wuri kuma ya yi kauri da tauri har wuƙa na zamewa a kansa. Mahauci kan ɗaye shi ya yar, domin mai saye nama yake so. Tsawon shekaru masu yawa, haka su ma ɗaliban likitanci suka riƙa yi idan suna feɗe gawa don nazari, wato su cire wannan farin abu su ajiye gefe domin su ga tsoka da ƙashi sosai.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu kuwa shi ne ciwon dunduniya da ya addabi mahaifiyata, wadda manomiyar citta ce. Kullum da asuba idan ta sauko daga gado, takun farko sai ta ji kamar ta taka ƙusa. A gida muka ce ciwon jijiya ne. Da na raka ta asibiti, likita ya yi bayani da Turanci, ya ce in fassara mata. Ni da nake nazarin Hausa a jami'a sai na tsaya ina kame-kame, domin kalmar da ya ambata ba ni da ita a Hausa, ba ni da ita kuma a harshenmu na gida. Wannan kunya da na sha ita ta haifar da wannan maƙala, wadda za ta yi ƙoƙarin bayyana mene ne wannan farin abu, mene ne aikinsa a jiki, da kuma sunan da ya dace mu kira shi da shi.

2.0 Matsalar Suna

A Turanci ana kiran wannan abu fashiya, kalmar da aka aro daga Latinanci, inda take nufin ɗamara ko ƙyallen ɗaure rauni. A Hausa kuwa, kalmar da baki ya fi saurin kaiwa gare ta ita ce jijiya. Sai dai jijiya ta ɗauki kaya fiye da ƙima. Hanyar da jini ke bi jijiya ce, zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi jijiya ne, igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya ce, hatta saiwar itace ana ce mata jijiya. Saboda haka idan majinyaci ya ce jijiya ke damun sa, likita bai san wanne daga cikin huɗun nan ake nufi ba.

Akwai hanyoyi sanannu da harshe ke bi wajen samar da sabuwar kalma, kamar aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'anar kalmar da ake da ita. Idan muka bi hanyar aro muka ce fashiya, Bahaushe zai iya danganta ta da fashi ko fashewa, alhali babu abin da ya haɗa su. Don haka na zaɓi hanyar faɗaɗa ma'ana. Hausa na da kalmar tantani, wato siririyar fata irin wadda ake rufe bakin kalangu da ita. Idan muka ce tantanin tsoka, mahauci zai gane, makaɗi zai gane, uwa a gida ma za ta gane. Gaskiya ne wannan tantani bai tsaya ga tsoka kaɗai ba, amma dai sunan ya fi kusa da abin da ido ke gani. Da shi zan yi amfani a wannan maƙala, tare da barin ƙofa a buɗe ga wanda ya samo wanda ya fi shi.

3.0 Mene ne Tantanin Tsoka?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar sa ita ce mutum ya ɓare lemo. A ƙarƙashin ɓawo akwai farin abu mai laushi, sannan kowane ɓari yana cikin nasa tantanin, haka kuma a cikin kowane ɓari akwai ƙananan jakunkuna masu riƙe da ruwa. Da za a tsotse ruwan duka, siffar lemon za ta rage a jikin tantanin. Haka jikin ɗan Adam yake. Kowane zaren tsoka yana da rigarsa, kowane dami na zaren yana da tasa, tsokar gaba ɗaya tana da tata, sannan rukunin tsokoki ma an naɗe su wuri guda. Waɗannan riguna ba a rabe suke ba, suna haɗe da juna tun daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa. Idan jiki tsintsiya ne, to wannan tantani shi ne maɗaurinta.

Abubuwa uku ne manya suka haɗu suka yi shi. Na farko shi ne kolajin, wani zare mai ƙarfi da ba ya yarda a ja shi, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan furotin da ke jikin mutum. Na biyu shi ne elastin, zare mai talewa ya koma kamar roba. Na uku kuma wani ruwa ne mai yauƙi, mai ɗauke da sinadarin hayaluronan, wanda ke sa shimfiɗun tantanin su riƙa zamewa a kan juna kamar yadda miyar kuɓewa ke sa tuwo wucewa.

Masana sun kasa shi gida uku:

(a) Na sama, wanda ke ƙarƙashin fata, gauraye da kitse. Shi ke sa mutum ya iya tsunkule fatar hannunsa ya ɗaga ta.

(b) Na ciki, mai tauri, wanda ya naɗe tsokoki ya kuma raba su ɗaki-ɗaki. Shi ne ya fi shafar motsi.

(c) Na kayan ciki, wanda ya riƙe zuciya da huhu da hanji da sauransu, kowanne a mazauninsa.

Tun a shekarar 1899 wani likita Ba'amurke, Andrew Taylor Still, ya yi rubutu a kan muhimmancin wannan tantani, amma bai samu karɓuwa sosai a fagen kimiyya ba. Sai a shekarar 2007 aka yi taron farko na duniya a kan bincikensa a birnin Boston na Amurka. A shekarar 2015 kuma Farfesa Carla Stecco ta Jami'ar Padua da ke Italiya ta fitar da littafin hotuna da ya nuna tsarinsa a jikin mutum dalla-dalla. Ke nan fage ne da bai daɗe da bunƙasa ba, shi ya sa ma harsuna da dama ba su gama yi masa suna ba.

4.0 Aikinsa Wajen Motsi

Aiki na farko shi ne isar da ƙarfi. A makarantar sakandare an koya mana cewa tsoka na jan ƙashi ta hanyar agara, shi ke nan. Bincike ya nuna cewa wani kaso na ƙarfin tsoka yana bi ta tantanin da ke kewaye da ita ya isa ga maƙwabtanta. Alal misali, mafi yawan babbar tsokar ɗuwawu ba ta manne da ƙashi kai tsaye ba, ta shige ne cikin wata doguwar ɗamara mai tauri da ta bi gefen cinya ta sauka har ƙasan gwiwa. Haka kuma a gadon baya, daidai ƙugu, akwai wani faffaɗan tantani inda tsokokin kafaɗa da na ciki da na ɗuwawu suka haɗu. Za a iya kwatanta shi da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, inda layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos. Manomin da ya ɗaga garma ya kafta a ƙasa, ƙarfin da ya taso daga ƙafarsa ta wannan mahaɗa yake bi kafin ya isa hannu.

Aiki na biyu shi ne ajiye ƙarfi da mayar da shi. A tafin ƙafa akwai tantani mai kauri da ya taso daga dunduniya ya bazu zuwa gindin yatsu, kamar tsirkiya a jikin baka. Idan mutum ya taka ƙasa, bakan ƙafa kan ɗan baje, tsirkiyar ta miƙe, idan ya ɗaga kuma sai ta koma ta taimaka wajen tura shi gaba. Tun a shekarar 1954 wani masani mai suna Hicks ya bayyana yadda lanƙwasa babban yatsa sama ke ɗame wannan tantani ya mayar da ƙafa ƙaƙƙarfa a lokacin taku. Mai karatu zai iya gwadawa yanzu: ya ja babban yatsan ƙafarsa sama, ya shafa tafin, zai ji igiyar ta tashi. Masu rawar gargajiya a bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, ko bikin Tuk Ham na Kwoi, da suke awoyi suna tsalle suna dirawa, da wannan tsirkiya da kuma agarar dunduniya suke cin moriya.

Aiki na uku shi ne ji. Wannan tantani cike yake da ƙananan jijiyoyin saƙo masu sanar da ƙwaƙwalwa halin da gaɓoɓi ke ciki, da kuma masu sanar da ciwo. Matar da ta ɗauko daron ruwa a ka tana tafiya a kan hanya mai gargada ba tare da ta kalli ƙafarta ba, da irin wannan saƙo take daidaita jikinta, tare da taimakon ido da kunnen ciki. Wanda kuma ya taɓa hawa dutsen Kagoro ya san cewa ba ranar hawan ake jin jiki ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, musamman a cinya, saboda wahalar saukowa. Wani bincike na shekarar 2009 ya nuna cewa a irin wannan tsamin jiki, tantanin ya fi tsokar kanta jin zafi.

5.0 Idan Tantani Ya Samu Matsala

5.1 Ciwon Dunduniya

Wannan shi ne ciwon mahaifiyata. Yakan samu masu yawan tsayuwa da doguwar tafiya a kan ƙasa mai tauri, da masu ƙiba, da 'yan gudu da suka ƙara nisa farat ɗaya. Alamarsa ita ce zafi a ƙasan dunduniya a takun farko na safe ko bayan dogon zama, wanda kan lafa idan an ɗan taka. Mafi yawan masu shi kan warke cikin shekara guda ba tare da tiyata ba, ta hanyar rage nauyin aiki, da sa takalmi mai laushin dunduniya, da miƙar da tafin ƙafa da sha-raɓa. Wani bincike da aka yi a Denmark, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa ɗaga dunduniya a hankali a bakin matakala, da tawul a ƙarƙashin yatsu, ya fi miƙa kaɗai saurin kawo sauƙi a wata uku na farko.

5.2 Ciwon Baya

Duk wanda ya taso a Kachia ko Kwoi ko Kagarko ya san abin da noman citta ke yi wa baya. Shuka a duƙe, rufe gona da ciyawa a duƙe, cire ciyawa da hannu a duƙe, tono a duƙe, sannan a zauna a kan kujera 'yar tsugune ana tsagawa, a ƙarshe a ɗauki buhu. Ciwon baya yana da dalilai da yawa, bai kamata a ɗora wa tantani laifin duka ba. Sai dai a shekarar 2011 Helene Langevin da abokan aikinta a Amurka sun gano cewa a jikin masu daɗaɗɗen ciwon baya, zamewar shimfiɗun tantanin ƙugu ta ragu da kimanin kashi 20 cikin 100 idan an kwatanta da masu lafiya. Darasin da ke ciki shi ne cewa daɗewa a yanayi ɗaya, duƙe ne ko zaune, ba ya yi wa baya daɗi. Wannan ya shafi ɗalibin da ke kwana a aji lokacin jarrabawa kamar yadda ya shafi manomi.

5.3 Kumburi Cikin Ɗauri

Wannan shi ne mafi haɗari, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi ko da ya manta da sauran. An ambata a baya cewa tantanin ciki ya raba tsokoki ɗaki-ɗaki. A tsakanin gwiwa da idon sawu kaɗai akwai ɗakuna 4. Bangon waɗannan ɗakuna ba ya talewa. Idan mutum ya karye, misali a haɗarin acaɓa ko faɗowa daga bishiyar mangwaro, jini da ruwa kan taru a cikin ɗakin, kumburi ya rasa wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Idan kuma aka zo aka jera karare aka ɗaure tamau daga waje, an ƙara wa Barno dawaki. Tsokar da jini ya daina isa gare ta kan fara mutuwa cikin awa 6 zuwa 8. Tun a shekarar 1881 likitan nan na Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda ɗauri mai tsanani ke shanye hannu, yatsu su ƙanƙance har abada. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun sha rubutu a kan yara da manya da aka yanke wa hannu ko ƙafa ta wannan dalili.

Ba ana nufin a raina maɗora ba, domin a ƙauyuka da yawa su ne na kusa, kuma jama'a sun yarda da su. Hasali ma ko filastar asibiti ce ta matse, haɗarin ɗaya ne. Abin da ake so shi ne kowa ya san alamomin: zafi mai tsanani da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wanda maganin kashe zafi ba ya taɓa shi, ihu idan an miƙar da yatsun majinyaci, gaɓa ta yi tauri kamar icce, yatsu su yi sanyi ko su dushe ko su daina ji. Idan an ga haka, kada a ce wai ɗori ne ke kamawa. A sassauta ɗaurin nan take, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. A can likita kan tsaga tantanin domin kumburin ya samu wuri, kuma wannan tsagawa ita ke ceton gaɓar.

6.0 Tantani da Motsa Jiki

A 'yan shekarun nan, masu koyar da motsa jiki a intanet sun mayar da wannan tantani abin talla. Ana sayar da robobin murza jiki da injinan tausa, ana cewa suna warware tantanin da ya ɗaure. Ya kamata ɗalibi ya tace abin da yake ji. Wani lissafi da masana suka fitar a 2008 ya nuna cewa ƙarfin da ake bukata kafin a sauya siffar tantanin cinya ko na tafin ƙafa ya wuce abin da hannun mai tausa zai iya. Tausa da murza jiki suna sa a ji daɗi, suna kuma ƙara sakin gaɓa na ɗan lokaci, amma alamu sun fi nuna cewa ta hanyar jijiyoyin saƙo suke aiki. Wato tausar da kakanninmu ke yi da man kaɗanya da ruwan ɗumi tana da amfaninta, kuma ba sai an sayi na'ura mai tsada ba.

Abin da ya tabbata shi ne cewa kolajin ya fi tsoka jinkirin ginuwa, domin jinin da ke isa gare shi kaɗan ne. Tsoka kan nuna canji cikin makonni, agara da tantani kuwa sai an yi watanni. Wannan ne ya sa saurayin da ya kwashe zangon karatu a zaune, ya dawo hutun Kirsimeti ya faɗa gasar ƙwallon unguwa, yakan ƙare da targaɗe ko ciwon agara. Zuciyarsa na so, tsokarsa na iyawa, amma maɗaurin bai shirya ba. Ga wasu shawarwari:

(a) A ƙara nauyi ko nisa kaɗan-kaɗan, domin sannu ba ta hana zuwa.

(b) A ɗumama jiki da sassarfa kafin wasa ko aiki mai nauyi.

(c) A riƙa sauya irin motsi: tafiya, gudu, tsalle da igiya, tsugunno, rawa, hawan tudu.

(d) Mai aiki a duƙe ko a zaune ya riƙa miƙewa lokaci-lokaci yana yin miƙa.

(e) A ci abinci mai gina jiki kamar wake da gyaɗa da kifi da ƙwai, tare da lemo da gwaiba, domin jiki ba ya iya ƙera kolajin mai ƙwari sai da bitamin C.

(f) A ba jiki hutu da isasshen barci, domin a lokacin ne yake gyara abin da ya gaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ba manya shawarar yin motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Manomi ya wuce wannan adadi nesa ba kusa ba, bukatarsa hutu ne da sauyin motsi. Mu ɗalibai ne abin ya fi shafa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa farin abin nan da mahauci ke yarwa yana da babban aiki a jiki: yana riƙe gaɓoɓi, yana isar da ƙarfi, yana ajiye shi ya mayar, yana kuma kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. An kuma ga yadda matsalarsa ke farawa daga ciwon dunduniya har ta kai ga asarar hannu ko ƙafa. A kudancin Kaduna, inda Bajju da Atyap da Ham da Fulani da Hausawa da sauransu ke haɗuwa a asibiti ɗaya, Hausa ce ta fi zama gada tsakanin majinyaci da ma'aikacin lafiya. Idan gadar ba ta da kalmar da za ta bambanta jijiyar jini da agara da tantani, to saƙon ba zai haye daidai ba. A shekarar 1990 malamanmu sun fitar da littafin Hausa Metalanguage domin samar da kalmomin nazarin harshe da adabi. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu ɗauki irin wannan aiki a fannin sassan jiki, mu je wurin mahauta da maɗora da wanzamai da ungozomomi mu tattara kalmomin da ke bakinsu, sannan mu zauna da ɗaliban likitanci mu tantance su. Mahaifiyata dai ta samu sauƙi bayan wasu watanni, kuma yanzu idan maƙwabciya ta yi kukan dunduniya, ita ke yi mata bayanin tantanin tafin ƙafa. Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.